Karon Farko a Jirgin Sama

 Shirin na yau na mutumin da 'ya'ya suka biya wa kujera ne, ko shi ya biya da gumin gonarsa, fasfo ya fito, ranar tashi tana ta matsowa, barci kuma ya soma ƙaurace wa idonsa.

Ba a shan wuyar gane shi. Ya zaga dangi gida-gida yana neman gafara. Ya tara 'ya'ya ya faɗa musu wanda yake bi bashi da wanda ke bin sa, ya nuna wa babbansu iyakar gona. In mace ce, ta riga ta raba awakinta, ta ce wance ta ɗauki tukunyar nan, wance ta riƙe wancan zanen. Duk wannan abu ne mai kyau, malamai ma suna kwaɗaitar da mai niyyar tafiya ya yi shi. Amma akwai wanda yake yi don cika ƙa'ida, akwai kuma wanda can ƙasan ransa ya gama yanke cewa da ya taka matattakalar jirgi shi ke nan. Da na biyun nan ake magana.

A yankin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, doguwar tafiyar farko ta yawancin mutane ita ce ta Hajji ko Umara. Akwai ɗalibai masu zuwa Masar da Indiya da Malesiya, akwai 'yan kasuwa masu saro kaya a Dubai da Guangzhou ta ƙasar Sin, akwai masu neman magani a Alƙahira, akwai kuma ƙalilan da ke fita hutu don buɗe ido. Amma manomin Amaryawa ko dattijuwar Kanya Babba, in ka ji za su ƙetare teku, galibi Ɗakin Allah suka nufa. Don haka misalan za su fi karkata can, ko da yake jirgi ɗaya ne, fargabar ma ɗaya ce.

Tsoron nan gado ne, kuma da dalilinsa. Kakannin da suka yi niyyar Makka a ƙafa ko bisa jaki gabas suke dosa: su bi ta Borno, su faɗa Wadai, su ratsa Darfur da Kurdufan har Khartum, daga nan sai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda za su jira jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce. In guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi noma ko ƙwadago, a tara abin da ya samu, a ƙara gaba. Wasu sun fita da goyo sun dawo da samari. Da yawa ba su dawo ba. Wasu ajali ya riske su a hanya, wasu suka zauna a Sudan, inda jikokinsu suke har yau. Garin Mai Wurno na can, mutanen da suka yi hijira daga ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. A wancan zamani, in mutum ya yi sallama irin ta wanda ba zai dawo ba, bai yi ƙarin gishiri ba.

Sannu a hankali abin ya sauya. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya sauke farali ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila. A 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da wasu attajiran Kano suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai, wadda kasuwar 'yan canji ta Wapa a Fagge ta gaji sunanta. Yanzu akwai hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da aka kafa a 2006, akwai hukumar jin daɗin alhazai ta Jihar Jigawa, ga kuma filin jirgin Dutse da aka buɗe a 2014. Tsakanin Kano da Jidda kusan kilomita 3,400 ne, kuma jirgi kan ci su cikin awa huɗu zuwa biyar in ya miƙe kai tsaye. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, sai aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma kewaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Duk da haka lissafin na sa'o'i ne. Hanya ta gajarce, irin sallamar da ake yi ce ba ta sauya ba.

To, ai jirgi yana faɗuwa, in ji mai sauraro. Yana faɗuwa, kuma ba za a ɓoye ba, don dattawan yankin nan suna da abin tunawa. Ranar 22 ga Janairun 1973 wani jirgi ƙirar Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yulin 1991 wani jirgin da ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan da tashinsa, duk mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu. Binciken da aka yi ya gano cewa tayoyin da ba su da isasshiyar iska ne suka fashe a kan titin tashi, wuta ta kama su, aka naɗe su cikin cikin jirgin a haka. Wannan shi ne halin harkar jiragen sama: in hatsari ya auku ana bin sa dalla-dalla har a gano ƙusar da ta jawo shi, a rubuta, a raba wa duniya, a gyara ƙa'ida. Babu tashar mota da ake yin haka.

Ga lissafin da ya kamata mai fargaba ya riƙe. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce a 2023 an yi tashi da sauka fiye da miliyan 37, kuma a cikin manyan jiragen fasinja babu ko ɗaya da ya yi hatsarin da ya ci rai. Guda ɗayan da ta lissafa mai farfela ne, a ƙasar Nepal. Ba kowace shekara ke zuwa da irin wannan sa'a ba, amma ko a sauran shekarun nan irin waɗannan haɗurra ƙalilan ne. A wannan shekara ta 2023 ɗin, hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta ƙirga mutum sama da 5,000 da suka mutu a kan titunan ƙasar nan, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce titunan duniya suna cin kusan mutum miliyan 1.19 duk shekara. Maganar da ba a son ji ita ce, a duk tafiyar maniyyaci daga ƙofar gidansa zuwa Madina, zangon da ya fi hatsari shi ne na mota, daga Gwiwa ko Roni zuwa sansanin alhazai, musamman in 'yan rakiya sun cika mota maƙil, direba kuma yana tsere da lokaci. A nan ya kamata a fi yawan cewa a bi a hankali.

Yawancin firgitar cikin jirgi daga sauti take zuwa, sautin da ba a faɗa wa mutum zai ji ba. Bari a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mutum ya shiga, ma'aikaciya ta duba katinsa ta nuna masa kujera, ya zauna ya ɗaura ɗamara. Jirgi ya ja jiki a hankali zuwa bakin titi, ya ɗan tsaya. Sai injuna su ɗauki ruri, jirgin ya zabura da gudun da ya kai kilomita 250 zuwa 300 cikin awa, bayan mutum ya manne da kujera. Hancin jirgin ya ɗaga, ƙasa ta soma nisa. 'Yan daƙiƙoƙi bayan haka sai a ji wani gungurum a ƙarƙashin ƙafa, a ji ƙum. Tayoyi ne aka naɗe, murfinsu ya rufe. Can kuma sai rurin injin ya ragu kwatsam, mutum ya ji kamar jirgin ya tsaya cak ko yana zamewa ƙasa. A daidai nan ne salati ke tashi daga kowace kusurwa, har wata hajiya ta damƙe hannun maƙwabciyarta. Babu abin da ya mutu. Matuƙi ne ya sassauta wuta, don ƙarfin da ake bukata wajen ɗagawa ya fi wanda ake bukata wajen ci gaba da hawa. In jirgin ya karkata har ana hango gonaki ta taga ɗaya, sama ta ɗaya tagar, kwana yake sha. Salatin dai a ci gaba da yi, ba ya ɓaci, amma a yi shi da natsuwa.

Sai kunne. Jirgi yana tafiya ne a tsayin kilomita 10 zuwa 12, iskar da ke cikinsa kuwa an daidaita ta ta yi daidai da ta kan dutse mai tsayin kimanin mita 2,000. Wannan sauyi ne ke toshe kunne, ya fi kuma tsanani wajen sauka. Haɗiyar yawu, hamma, tauna dabino ko cingam, duk suna buɗe shi. Mai goyo ta ba jariri nono a lokacin. Wanda mura ta toshe wa hanci ya nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin ranar tashi, don shi ne kunnen ke yi wa zogi sosai.

Abin da ya fi komai kaɗa hantar baƙon jirgi shi ne girgiza. Ana tafiya lafiya lau, sai jirgi ya soma rawa, shayi ya yi tambal-tambal a kofi, fitilar ɗamara ta kama. Iska ce ba ta kwanta ba a wurin, kamar yadda mota ke yi in ta sauka daga kwalta ta hau burji mai gargada. An ƙera jirgi ya jure abin da ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma fikafikan da ake gani suna lanƙwasa ta taga da gangan aka yi su haka. Wanda girgiza ke ji wa ciwo shi ne wanda bai ɗaure ba. A watan Mayun 2024 wani jirgin kamfanin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya faɗa cikin mummunar girgiza, ta wurga fasinjoji sama daga kujerunsu, da dama suka ji rauni, wani dattijo ya rasu. Jirgin kansa kuwa ya sauka lafiya a Bangkok. Don haka muddin mutum yana zaune, ɗamara ta zauna a ƙugunsa, ko barci zai yi. Mai tambayar in inji ya mutu fa, ya sani cewa jirgi mai inji biyu yana iya ci gaba da tafiya har ya sauka da guda ɗaya, kuma matuƙa biyu ne a gaba, an horar da su a kan wannan.

Akwai wata damuwa da ba a cika faɗa a wurin bitar alhazai ba saboda kunya, alhali ta fi girgiza illa: bayan gida. Dattijo ya ji labarin cewa makewayin jirgi wani abu ne mai wuyar sha'ani, sai ya ƙaurace wa ruwa tun daren jiya, ya ƙi abincin da aka kawo, ya ƙame a kujera awa shida. Ga yadda wurin yake. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, ƙofarsa turawa ake yi ta naɗe. In an shiga sai a ja sakata gefe, fitila ta ƙara haske, na waje kuma ya ga alamar akwai mutum. In an gama akwai maɓalli a bango. Da an danna shi sai a ji wata ƙara mai ƙarfi, fuuu, ta zuƙe komai. Wannan ƙarar ta sa mutane da yawa sun fito a guje. Iska ce kawai, ba ta jan mutum, amma a tashi tsaye a rufe murfin kafin a danna. Babu buta a ciki, sai takarda da ɗan famfo. Wanda yake so ya shiga da ƙaramar gorar ruwa, ya yi amfani da ita cikin tsanaki. Abin da ma'aikata ke roƙo shi ne kada a malala ruwa a ƙasa da sunan alwala. A yi alwala kafin shiga jirgi. Yadda za a yi da sallar da ta riski mutum a sama, da hukuncin ƙasaru, wannan malaman bita za a tambaya tun ana gida, kada a bari sai an ɗaura ɗamara.

Ƙin shan ruwan nan ba ƙaramin kuskure ba ne. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, kuma zaman da ya wuce awa huɗu ba motsi yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, musamman ga tsofaffi da masu ƙiba da masu juna biyu. A sha ruwa, a riƙa motsa tafin ƙafa, in an kashe fitilar ɗamara a miƙe a ɗan taka. Mai ciwon suga ya ci abinci a kan lokaci. Maganin suga da na hawan jini su zauna a jakar hannu cikin kwalinsu, da takardar likita, kada a jefa su cikin babbar jaka da ba za a sake gani ba sai an sauka. Batirin ajiyar caji ma a jakar hannu yake tafiya. Wuƙa da almakashi da reza, da duk wani abu mai ruwa da ya wuce mililita 100, su kuma babbar jaka. A tafi da rigar sanyi da safa, ko da an baro Kazaure ana zufa.

Wanda zai yi canjin jirgi a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha yana da ƙarin fargabar ɓata. Abu biyu ne maganinta. Lambar ƙofa tana jikin katin shiga jirgi ko a allunan da ke rataye, kuma duk mai kayan ma'aikata da aka miƙa wa katin zai nuna hanya, ko ba a jin yaren juna. Na biyu shi ne agogo, nan ne mutane suka fi yin asara. Lokacin da aka rubuta a tikiti lokacin garin da jirgin zai tashi ne. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, Dubai da awa uku, Sin da awa bakwai. Da sauka a gyara agogo. Tsohon da tafiya ke ba wuya kuwa, 'ya'yansa su nema masa keken tura marasa lafiya tun wajen sayen tikiti. Za a turo shi daga ƙofa zuwa ƙofa.

Yanzu a sauko ƙasa, don a nan ne ainihin abin tsoron yake, kuma abin mamaki shi ne nan ne mutane suka fi sakin jiki.

Takardu tukuna. Fasfo daga hukumar shige da fice ake samun sa, sai da lambar zama ɗan ƙasa, kuma yawancin ƙasashe suna son ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Katin rigakafi mai ruwan ɗorawa shaida ce cewa an yi wa mutum allurar shawara, wadda ake so a yi aƙalla kwana goma kafin tafiya. Saudiyya tana kuma neman ta sanƙarau da ɗigon shan inna. Akwai masu ba da kuɗi a buga musu hatimi ba tare da allura ta taɓa su ba, suna ganin sun yi wayo. Mutanen ƙasar nan sun san abin da sanƙarau ke yi in zafi ya tsananta. A 1996 annobarsa ta kashe dubban mutane a Arewa, har Saudiyya ta hana alhazan Najeriya shiga a shekarar. Mai katin bogi kansa ya cuta, zai shiga taron mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi ba garkuwa.

Sai batun wanda za a ba kuɗi. Hajji ta hannun hukumar alhazai ta jiha ake biya, ko ta kamfanin jirgin yawo mai lasisin NAHCON. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta Hajji ba ce, komai daɗin bakin wanda ya ce zai san yadda za a yi. A aikin Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin aikin Hajji. Sun yi ta tafiya a rana, ba tanti, ba mota. Mutanen Babura da ke bakin iyaka kuma sun san wani nau'in dillalan, masu yi wa 'yan mata da zawarawa alkawarin aiki a ƙasar waje, su bi da su ta Nijar. Duk tafiyar da aka ce a ɓoye wa dangi, ko aka ce wani zai riƙe wa mutum fasfonsa, a kai maganarta ga hukumar shige da fice ko hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP.

Babban tarko shi ne saƙo. Bahaushe yana jin nauyin a ce masa, Alhaji don Allah ga ɗan ƙunshin nan, kuka ce da daddawa, a miƙa wa 'yata a Jidda, ya ce a'a. To a nan dole ya koyi cewa a'a, ko ya kwance ƙunshin a gaban mai shi ya ga komai da idonsa. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa, kuma an zartar da shi a kan 'yan Najeriya. Wani lokaci ma mutum bai karɓi komai ba. A watan Disambar 2018 an kama wata ɗaliba a Madina, ta je Umara da mahaifiyarta, saboda an sami ƙwayar tramadol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Binciken hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ya nuna wasu ɓata-gari ne a filin jirgi suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan wata huɗu a tsare. Darasin a aikace yake: in an auna kaya, ana liƙa 'yar takarda mai lamba a bayan katin shiga jirgi, ɗaya ga kowace jaka. Mai jaka biyu ya ƙirga ya ga biyu. In ya ga uku, kada ya ɗaga ƙafa daga wurin sai an warware. Ya ɗauki hoton jakunkunansa da waya, ya adana takardun har ya dawo gida. Goro ma, duk da ƙaunar da dattawa ke yi masa, hukumar alhazai ta sha gargaɗin kada a tafi da shi.

Kuɗin guzuri a raba shi biyu ko uku, kada a tara a aljihu ɗaya, kuma kada a shiga cunkoson ɗawafi da shi duka.

Fargabar yare da abinci kuwa ita ce mafi sauƙin warwarewa ga mai zuwa Makka. Hausawa sun daɗe a Hijaz, jikokin masu tafiyar ƙafan nan ne da waɗanda suka biyo bayansu. A unguwar Misfala, inda alhazan Najeriya da yawa ke sauka, da Shara Mansur, mutum zai ji Hausa a kan titi, ya sami tuwo da miyar kuka, masu shaguna da ba Hausawa ba ma sun iya kiran Alhaji da Hajiya su faɗi farashi. Jami'an hukumar jiha da ma'aikatan lafiya suna tare da ayari. Abin da ke rikita baƙo shi ne girman Harami da kamannin ƙofofinsa. Kowace ƙofa da lambarta: ta Sarki Abdul'aziz ita ce ta 1, ta Sarki Fahad ta 79. Mutum ya haddace lambar wadda ya shiga, ya rataya katin shaida na Nusuk da aka ba shi a wuya, ya sa katin masauki a aljihu. In ya ɓata kada ya yi ta yawo. Ya tsaya, ya nuna katin ga askarawa ko ga duk wanda ya gani da yunifom ɗin alhazan Najeriya.

Wani ɗan abu da ke jefa mutane cikin wahala shi ne takalmi. Alhaji ya tuɓe silifa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba a masallacin unguwa, ya fito ta wata ƙofar, ko ya tarar masu shara sun kwashe. Sai ya ce ai masauki ba nisa, ya taka kwalta da tsakar rana. Kafin ya isa tafin ƙafarsa ya saluɓe, mai ciwon suga ma ba zai ji zafin ba sai ya ga ƙafar. A sa takalmi a 'yar jaka a rataya. A riƙe laima, a sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo, a bar fita tsakanin hantsi da la'asar in ba dole ba. Kada wani ya ce ai ya saba da ranar bazara a gonar Roni. A gona akwai inuwar bishiya da randa a gindinta, kuma babu turereniya. Mai babbar riga da mai dogon hijabi su tattare bakin tufa a kan matattakala mai tafiya da kanta, su kama ƙarfen gefe.

Saura na gida, don su ma suna cikin tafiyar. Daga ranar da aka tashi, uwargida da 'ya'ya suna manne da waya. In kwana ɗaya ya wuce ba a ji muryar Baba ba, sai hankali ya tashi, ga kuma masu yaɗa tsofaffin hotunan hatsari a WhatsApp da Facebook suna cewa yanzu abin ya faru. A yi yarjejeniya tun kafin rabuwa: sai an sami layin can kafin a kira, hakan kan ɗauki yini ko biyu, kuma a kwanakin Mina da Arfa layi yana cunkushewa, caji yana wuya. A karɓi lambar jami'in alhazai na ƙaramar hukuma da ta wani abokin tafiya mai ƙuruciya. In labari ya zo, ta nan za a tantance shi. Mai kira daga Babura da ƙarfe tara na dare kuma ya tuna cewa a Makka sha ɗaya ta yi, Alhaji zai tashi asuba.

Dawowa tana da nata gwajin. Bayan an sauko daga Arfa ana iya yin makonni ana jiran layin jirgi, don wanda ya riga zuwa shi ke riga dawowa, guzuri kuma yana ta zurarewa a kasuwa. Dabino da bagaruwa da carbi da darduma duk suna da nauyi, sikeli kuma ba ya jin magiya. Abin da ya haura kilon da hukuma ta sanar, ko a biya masa ko a bar shi a Jidda. Kada a cusa zamzam a cikin jaka, za a buɗe a fitar da shi. Ana ba kowane alhaji galan ɗinsa mai lita biyar ta hannun hukuma. Yawancin alhazai kan dawo da tari da mura, galibi kuma suna wucewa da kansu. Amma in zazzaɓi ya haɗu da tarin, ko numfashi ya soma wuya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo a makonnin farko, a bar karɓar 'yan barka da sauka a tafi asibiti, a kuma faɗa wa likita daga inda aka dawo da ranar da aka sauka.

Nan shirin na yau ya tsaya.